Lissafin rainon jikana a Manchesta

A Zongon Kwatano akwai maganar da ta zauna wa mutane a baki, wai a Ingila gwamnati ce ke rainon yara, uwa ta haihu kawai ta miƙa ta wuce wurin aiki. Na ji ta a teburin mai shayi, na ji ta a ƙofar masallaci bayan la'asar, na kuma ji ta a tsakar gidana. Duk mai ɗa ko 'ya a can, da wannan maganar ake auna shi. Raino kyauta, makaranta kyauta, asibiti kyauta, to ina kuɗin ke zuwa? Me ya sa aiken da ake yo wa gida bai fi haka kauri ba?

Ni ɗan kasuwa ne. Shekara 30 da 'yan kai ke nan ina sayar da atamfa da shadda a garin nan, bokon ma a rumfa na tsince shi, tsakanin wannan ciniki da wancan. Abin da na sani shi ne, idan mai gero ya ce zai yi maka gyara, ka fara duban kwanon da ya auna maka. Shi ya sa da maganar ta zo kan 'yar cikina, sai na ce a turo mini takardun in gani da idona. Aka turo ta WhatsApp, ƙaramin yaron gidan ya riƙa karanta mini Turancin, ni kuma ina bugawa a kalkuletan rumfa. Abin da ya fito shi zan baje muku a nan, don na san ba ni kaɗai ne mai jika a ƙasar ba.

Ita yarinyar 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata gare ta, saboda haka ba za ku ji sunan a bakina ba. Uwata nake ce mata. Ta yi karatun jinya a Kano, aure ya kai ta Manchesta, garin da iyayenmu suka sani ta hanyar atamfa tun kafin yaran yanzu su san shi da ƙwallo. Atamfar ABC da matanmu ke kira 'yar Ingila a gefen garin ake buga ta, kafin a mayar da aikin Ghana. Mijinta ya riga ta zuwa da shekaru, har ya samu takardar zama ta dindindin. Ita kuma ta ci jarrabawarsu, ta kama aiki a wani asibiti. A farkon Disamba 2024 Allah ya ba su ɗa namiji, abokina ke nan.

Da farko dai, maganar 'yan Zongo tana da tushe. Tun 2017 gwamnatin Ingila ke biya wa 'yan shekara 3 da 4 awa 30 a mako a gidan raino idan iyayensu na aiki. A Maris 2023 ministan kuɗinsu na lokacin, Jeremy Hunt, ya yi shelar za a faɗaɗa abin, aka kuma bi shi daki-daki: Afrilu 2024 'yan shekara 2 suka samu awa 15, Satumba 2024 aka sauko har kan 'yan wata 9, Satumba 2025 aka cika shi awa 30 tun daga wata 9 har yaro ya shiga makaranta. Wannan na Ingila ne kurum. Wanda 'yarsa ke Sikotilan ko Wales, nasu tsarin daban ne, kada ya ɗauki lissafina ya je yana yi mata faɗa.

Sharaɗin kuwa, idan iyaye biyu ne a gida, sai duka biyun suna aiki. Kowannensu sai samunsa ya kai na awa 16 a mako a kan mafi ƙarancin albashi. Daga Afrilu 2025 mafi ƙarancin ya kasance fam 12.21 a awa ga wanda ya kai shekara 21, wato sai mutum ya samu wajen fam 195 a mako. Kuma kada samun ɗayansu ya wuce fam 100,000 a shekara. Wannan na ƙarshen dai bai hana mu barci ba. Mai sana'ar kansa ma yana ciki, irinmu ke nan, amma fa sai wanda hukumar harajinsu, HMRC, ta san da zamansa kuma take ganin abin da yake samu. Ɗan kasuwar da littafinsa ke cikin kansa, ribarsa kuma ke cikin aljihun 'yar ciki, ba shi da abin da zai nuna. A shekarar farko ta sana'a ne kawai ake ɗaga wa mutum ƙafa a kan yawan samun.

Yanzu ga kwanon awon. Awa 30 ɗin nan na mako 38 ne a shekara, daidai da makonnin da makarantu ke buɗe. Ka buga 30 sau 38, ya ba ka awa 1,140. Iyakar abin da gwamnati ke biya ke nan. Shekara kuwa mako 52 ce, kuma marasa lafiya ba sa tafiya hutun makaranta. Gidan rainon da suka samu yana buɗe mako 51, sai makon Kirsimeti yake rufewa. Idan aka shimfiɗa awa 1,140 a kan mako 51, abin da ke faɗowa awa 22 ne da 'yan mintoci. Kamar a ce maka turmi ne, ka warware ka tarar yadi huɗu da rabi. Ba su yi ƙarya ba, a rubuce yake, amma da manyan baƙaƙe aka rubuta 30, da ƙanana aka rubuta 38.

Uwata kwana huɗu take aiki a mako. Sai da ta roƙi a mayar da ita ɓangaren da ake yini kawai, domin babu gidan rainon da zai riƙe maka yaro da dare, kuma da wannan ta yi asarar ƙarin da ake biya na aikin dare da na ƙarshen mako. Gidan rainon yana buɗewa takwas na safe ya rufe shida na yamma, yini ɗaya fam 70, wato fam 7 kowace awa. Kwana huɗu awa 40 ke nan. Da surukina ya fara lissafi, cewa ya yi 40 a cire 30 saura 10, fam 70 a mako, shi ke nan an huta. Yaro ne mai hankali, kuma kowa ma haka zai fara bugawa.

Ga yadda ya fito a kalkuletana. Awa 40 sau mako 51, awa 2,040. A cire 1,140 na gwamnati, saura awa 900. Sau fam 7, fam 6,300. Ba a gama ba. Kuɗin gwamnati na zaman yaro ne da mai kula da shi. Abinci, famfas, man shafawa da 'yan fita yawo ba sa ciki. A ranakun da gwamnati ke biya, gidan yana karɓar fam 9 na waɗannan. Kwana biyu a mako sau 51, fam 918. Jimla kusan fam 7,200 a shekara, fam 600 a wata, wajen fam 140 a mako. Ninki biyu ke nan na abin da suka sa a rai.

Dokarsu ta ce wannan kuɗin abinci da tarkace ba dole ba ne, iyaye na iya kawo nasu, kuma a rarrabe kowane abu a rasit. Na ce da ita to ta riƙa dafa masa nasa mana, ga shi ma an huta da tambayar naman da ake ba shi. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ƙarfe shida nake tashi, ƙarfe bakwai na yamma nake shigowa gida. Yaushe?" Sai suka zaɓa masa abincin da babu nama, na kifi da ganye, suka ci gaba da biya. Kuma wanda ya yi wata shida a layin jiran gurbi ba ya zuwa ranar farko yana ja-in-ja a kan fam 9.

Akwai wata ƙofa ta biyu da ke rage nauyin, wani asusu da suke kira Tax-Free Childcare. Ka zuba fam 8, gwamnati ta ɗora fam 2, daga asusun kuma gidan raino kawai ake iya biya. Ƙarin ba ya wuce fam 500 a wata uku, fam 2,000 a shekara ga kowane yaro. A nasu lissafin ɗaya bisa biyar ke sauka, fam 600 ya koma 480. Wannan shi ne ainihin abin da ke fita daga aljihunsu duk wata bayan duk wata kyauta. A canjin da muke gani a nan, fam ɗaya ya haura sefa 700, ka ga wajen jaka 350 ke nan. Duk wata. Don yaron da bai gama haƙora ba.

Da na faɗi wannan adadin a rumfa, maƙwabcina mai sayar da leshi cewa ya yi ɓarayi ne kawai. Ni ban ga haka ba. Doka ta ce ma'aikaciya ɗaya ba za ta riƙe fiye da jarirai uku 'yan ƙasa da shekara 2 ba. 'Yan shekara 2 kuwa biyar, shi ma a Satumba 2023 aka ɗaga daga huɗu. Ita ma'aikaciyar dole a biya ta aƙalla wancan fam 12 da ɗoriya a awa. Ga haya, ga wutar ɗumama ɗaki rabin shekara, ga hukumar Ofsted da ke zuwa dubawa. Jarirai uku ne za su ɗauki albashin mutum guda da kason haya. Ka buga da kanka ka gani ko za ka buɗe wannan rumfar. Su masu gidajen rainon kullum kukansu shi ne, abin da gwamnati ke ba su ta hannun ƙananan hukumomi ba ya isa, musamman na manyan yaran. To mu mun san abin da ɗan kasuwa ke yi idan hukuma ta yanka masa farashin sukari. A kuɗin leda yake fanshewa.

Inda abin ya fi yi musu zafi kuwa kwanan wata ne. Awannin gwamnati ba sa farawa ranar da yaro ya cika wata 9. Sai zangon da ke biye, kuma zangon uku ne: 1 ga Janairu, 1 ga Afrilu, 1 ga Satumba. Abokina ya cika wata 9 a makon farko na Satumba 2025. Da ya zo duniya kwana biyar kafin ranar da ya zo, da ya shiga sahun farko na awa 30. Sai ya zamana sai Janairu. Ita kuma uwar, kuɗin hutun haihuwa da doka ta tanada na mako 39 ne, ya ƙare a ƙarshen Agusta. Tana iya zama har mako 52, amma sauran makonnin babu ko sisi.

Suka zauna da zaɓi biyu. Ta zauna gida babu albashi har ƙarshen Nuwamba, ko ta koma aiki su biya cikakken kuɗi, fam 280 a mako. Ga gurbin da suka daɗe suna jira ya fito, an ce in ba su karɓa ba akwai na bayansu. Suka karɓa. Mako 15, fam 4,200, kusan sefa miliyan 3, jarin rumfa sukutum. Asusun nan ya ɗan rage, amma kun ji iyakarsa. Ga kafin alƙalami da aka karɓa tun kafin yaro ya taka wurin, kuma kuɗin wata a farkonsa ake biya. Abin da suke tarawa na fili a Kano ya tafi. Ita tana cikin adashi da wasu 'yan uwanta ma'aikatan jinya, ta roƙa aka ba ta ɗauka kafin layinta.

Duk wannan ba daga bakin surukina na ji ba. Tsakanina da shi gaisuwa ce da "Baba, ya kasuwa", ba zai taɓa buɗe baki ya ce mini aljihunsa ya yi sanyi ba. Ita ma sai da na matsa. Abin da ya sa na matsa, aiken da take yo wa mahaifiyarta da kuɗin makarantar ƙaninta ya zo a kan lokaci a watan Oktoba, cif-cif, amma muryarta ba ta yi mini ba. Na ce, "Uwata, gaya mini gaskiya, nawa ya rage a hannunku in wata ya ƙare?" Ta yi shiru, sannan ta faɗa. Na ce daga yau har Janairu kada in ga ko fam ɗaya ya shigo gidan nan, in kuwa ya shigo zan mayar. Ta ce, "Baba, kuɗin makarantar fa?" Na ce kafin ki fara albashi wa ke biya?

Ba kowa ya ji daɗin wannan ba. A tsakanin nan wani ɗan uwa zai aurar da 'ya, ya aika mata, ta ba shi abin da ya samu tare da haƙuri. Maganar da ta dawo mini ita ce yarinya ta shiga Turai ta koyi maƙo. Ban yi musu da kowa ba. Na kira shi rumfa, na ajiye masa kalkuleta, na ce buga. Ya buga har ya kai kan 480, ya mayar sefa, ya sake bugawa don yana zaton sifili ya ƙaru. Bai ce komai ba, amma shayin da na sa aka kawo ya shanye.

Kuma su fa masu sa'a ne, wannan nake so iyaye su riƙe. Wanda zai nemi awa 30 ɗin sai ya kasance ɗan ƙasa, ko mai zaman dindindin, ko wanda takardarsa ta ba shi damar karɓar tallafin gwamnati. Bizar Uwata ba ta ba ta wannan damar ba. Mijinta ne ya nema da sunansa. Galibin yaranmu da suka tafi shekarun nan da bizar aikin jinya ko kula da tsofaffi, a jikin takardarsu an rubuta ba su da rabo a tallafin gwamnati. Idan mata da miji duk haka suke, babu awa 30, babu asusun fam 2. Sai yaro ya cika shekara 3 sannan ya samu awa 15 da ake ba kowane yaro ko mene ne takardar iyayensa, awa 570 a shekara. Akwai 'yar ƙofa ta 'yan shekara 2 ga masu ƙaramin ƙarfi sosai, amma mai cikakken aiki da wuya ya shige ta.

Suna da maƙwabta irin haka, mutanen Kaduna. Matar tana yini a gidan tsofaffi, mijin yana kwana a wani. A bakin ƙofa suke musayar yaro, shi ya shigo da idanu jajur ya karɓa, ita ta fita. Haraji kuwa ana cire musu tun kafin albashi ya iso hannu, daidai da na ɗan ƙasa. A ganina wannan ba adalci ba ne. Amma mu da muka tsufa a garin mutane ba a buƙatar a yi mana bayani. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. In ɗanka yana shirin tafiya da iyali, ka tambaye shi abin da aka rubuta a bizarsa kafin ka tambaye shi albashi.

Ko wanda ya samu ma ba ya miƙe ƙafa. Lamba ake ba ka mai alƙaluma 11 ka kai gidan raino, kuma sai ka neme ta kafin zango ya shiga. Wanda ya bari 31 ga Disamba ta wuce, sai Afrilu. Duk wata uku sai ka shiga intanet ka tabbatar musu har yanzu kuna aiki. Surukina ya sa ƙararrawa a waya saboda wannan. Yaro ya yi zazzaɓi an ce a zo a ɗauke shi, kuɗin ranar yana nan. An makara ɗaukarsa da minti goma, akwai tara. Za a cire shi gaba ɗaya, sai an ba da sanarwar wata guda.

To a nan uwargida ta shigo. Hajiya ta je wankan jego, ta yi wata biyu da rabi a cikin sanyin da har yau take ba da labarinsa. Bizar ziyara ce, ba ta wuce wata shida, kuma ba don aikin raino ake bayar da ita ba, balle a ce ta zauna. Da ta ji adadin sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Alhaji, wannan ai almubazzaranci ne. A kawo mini maigidana in an yaye shi. Me na rasa? Tuwo ne babu ko ɗaki? In ya isa shiga makaranta su zo su ɗauki abinsu."

Lissafi yana bayanta, ba zan ɓoye ba. Yaro a Ingila yana shiga makarantar gwamnati ne a Satumbar da ta biyo bayan cikarsa shekara 4. Ga abokina, Satumba 2029 ke nan. Daga Janairu 2026 zuwa lokacin wata 44 ne. Sau 480, ya haura fam 21,000, in farashi bai motsa ba, kuma ban taɓa ganin farashin da ya zauna wuri ɗaya ba. Al'ada ma tana bayanta. Ni kaina wurin kakata aka kai ni yaye a ƙauyenmu can ƙasar Katsina, ban dawo ba sai da na yi shekara bakwai, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Ɗa na kowa ne, haka muka taso.

Duk da haka na ce a'a, iya abin da kaka namiji ke da ikon cewa. Lokacin da nake wurin kakata, mahaifiyata tafiyar rabin yini ce tsakaninmu, duk ranar kasuwa tana ganina. Wannan kuwa jirgi biyu ne da kuɗin wata guda. Sannan na tambayi Hajiya, tsakaninta da Allah, wa zai goya shi? Ita guiwa ta fara yi mata gardama, matakalar gidan nan ma sai ta huta a tsakiya. Autarmu ce za ta goya shi, 'yar shekara 12, wadda ke aji. Ita za ta makara da safe, ita za ta bar karatun dare in ya yi kuka.

Mu a nan muna cewa raino ba ya cin kuɗi ne don ba mu taɓa ganin rasit ɗinsa ba. Ku zaga Dantokpa da hantsi ku ƙirga 'yan matan da ba su kai goma ba, da goyo a baya da tire a ka. Wasu 'ya'yan masu rumfar ne, wasu daga ƙauye aka kawo su riƙo, mutanen ƙasar nan suna ce musu vidomegon. Mu ma muna da namu 'yan rainon, sunan ne ya bambanta. Su ke biyan abin da Bature ya rubuta fam 7 a awa, da karatunsu suke biya. Ba ina cewa nasu tsarin ya fi namu ba ne. Ƙasar da sai an yi hayar hannun da zai ɗauki jariri, akwai abin da ta rasa. Amma su sun san nawa ne, mu ba mu taɓa bugawa ba.

Akwai kuma masu cewa to ta bar aikin mana ta zauna da ɗanta. Na buga wannan ma. In ta ajiye aiki, awa 30 ɗin sun tafi, tun da sai duka biyun na aiki. Albashinta ya tafi, kuma ko bayan an cire 480 abin da ke saura shi ke riƙe rabin hayar gida. Sannan hukumar ma'aikatan jinyarsu tana sabunta rajista duk shekara uku, sai mutum ya nuna ya yi aiki awa 450 a cikinsu. Wadda ta zauna shekara huɗu sai ta sake bin hanyar dawowa. Duk ɗan kasuwa ya san damina. Wata uku kana buɗe rumfa kana biyan haya kana korar ƙuda, ciniki bai fi na cefane ba. Ba ka rufewa, domin in ka rufe, kaka za ta zo ta tarar da wani a wurinka da masu sayenka. In ita da kanta ta ce ta gaji tana son zama, ba ni da ta cewa, ita da mijinta ne. Amma ban yarda a zaunar da ita da sunan an yi mata lissafi ba.

Inda ba ni da amsar da zan ba Hajiya shi ne harshe. Awa 40 a mako yaron nan Turanci yake ji, a bakin mutanen da ba su san ko sannu ba. Iyayensa su dawo a gajiye, wanka, abinci, barci. Kalmar da ya fara faɗa da ta fito sosai ba ta Hausa ba ce, kuma a gidan raino ya faɗe ta, sai a takardar da suke rubuta wa iyaye kullum uwarsa ta gani. Ta gaya mini wannan a waya, ta ce, "Baba, wallahi ya fi kuɗin ci mini rai." Na dudduba kalkuleta ban ga inda zan sa shi ba. Abin da muka iya shi ne, duk dare bayan isha'i a kira Hajiya a bidiyo, a jingina wayar a gabansa, ta yi ta yi masa surutu da tsiya irin ta kaka da jika, tana ce masa mijin banza da bai taɓa kawo cefane ba. Yanzu in an ce ina Hajiya, sai ya nuna wayar.

Tun Janairu awannin suka fara, aiken gida ya dawo, ko da yake na sa an rage shi, ragowar ta koma asusun filin. Maganar ƙani ko ƙanwa kuwa, Hajiya ta fara yi musu ita, ni dai na ce a bar wa Allah, amma a ɓoye na buga: yara biyu a gidan raino lokaci guda ya kusa fam 1,000 a wata.

Sun ce in Allah ya yarda za su zo mana hutu, mako uku, karo na farko da zan ɗauki abokina a hannu. Na tambaya ko gidan rainon zai ɗage musu kuɗin makonnin da ba ya nan. Uwata ta ce ina, sai an biya cif, wajen fam 340, in ba haka ba a ba wani gurbin. Da Hajiya ta ji sai ta ce to a gaya wa masu gidan, mako ukun nan ita za ta yi musu aikin, su aiko mata da kuɗinta.